Mutum Nawa Ake Buƙata a Wurin da Ba a Rufewa? Fashin Baƙi Kan Jadawalin Aiki a Kumasi

Tun da gwamnatin Shugaba John Dramani Mahama ta ƙaddamar da shirin tattalin arzikin awa 24 a watan Yulin 2025, zancen aikin karɓa-karɓa ya shiga bakin mutanen da a da babu ruwansu da shi. A majalisun Aboabo da Asawase da Sawaba za ka ji samari suna maimaita abin da suka ji tun lokacin kamfe: aiki ɗaya, mutum uku, duti uku. Wanda ya gama makaranta yana zaune a gida yana da hujjar sa rai, domin in injin da ke aiki awa 8 ya koma yin 24, dole a nemi ƙarin hannu. Ni ma ina cikin masu fatan abin ya tabbata. Sai dai akwai wani lissafi da na lura masu ɗaukar ma'aikata a Zango ba su cika zama su yi shi ba, kuma daga rashin yin sa ne rigingimu da yawa tsakanin maigida da yaransa suke tasowa.

Mako ɗaya awa 168 ne. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta shekarar 2003, mai lamba 651, ta ce a sashe na 33 kada lokacin aikin ma'aikaci ya wuce awa 8 a rana ko awa 40 a mako. Raba 168 da 40, za ka samu 4.2. Ma'ana, wurin da ba a barin sa babu kowa ko na minti ɗaya, ko ƙofar kamfani ce, ko famfon gidan mai, ko ɗakin majinyata, mutum uku ba su isa su riƙe shi ba. Ukun za su riƙe shi daga Litinin zuwa Juma'a, awa 120 ke nan, Asabar da Lahadi su rage babu mai tsayawa. Huɗu ma sai an bar ɗan saura. Kuma lissafin bai ƙare a nan ba, domin sashe na 20 ya ba kowane ma'aikaci hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15 da cikakken albashinsa. Shekara awa 8,760 ce. Mutum ɗaya, in an cire masa hutunsa, awa 1,960 zai yi. In ka raba, ka kusa huɗu da rabi. Ka ƙara ranakun hutun ƙasa, da ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum, da ranar da aka yi masa rasuwa, sai amsar ta doshi biyar.

To yanzu dubi yadda ake gadi a garin nan. Mutum biyu ne, ɗaya daga 6 na safe zuwa 6 na yamma, ɗayan daga 6 na yamma zuwa wayewar gari, kwana bakwai babu fashi. Kowannensu awa 84 a mako, ninkin abin da doka ta yarda da shi har da ɗoriyar awa 4. Aikin mutum biyar aka ɗora wa mutum biyu. Gibin mutum ukun nan kuwa bai ɓace ba, mai gadin ne yake biyan sa da barcinsa da lafiyarsa, da 'ya'yansa da ba sa samun sa a farke. Iyayenmu da kakanninmu da suka gangaro daga Arewa sun daɗe a wannan sana'a, har ido ya saba da ganin dattijo a kan benci a bakin get yana gyangyaɗi, masu wucewa suna yi masa kallon malalaci. Wannan kallon zalunci ne. Wanda ya yi dare bakwai a jere bai isa ya hana idonsa rufewa ba, komai amanarsa.

Adadin awa 8 ba Ghana ce ta ƙirƙiro shi ba. Ma'aikatan masana'antu a Ingila da Amurka sun shafe shekaru masu yawa na ƙarni na 19 suna fafutuka a kansa, kuma yajin aikin Chicago na 1886 shi ne asalin hutun 1 ga Mayu da muke yi. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan lokacin aiki take: awa 8 a rana, 48 a mako. Tamu dokar ta sauko zuwa 40, sannan ta kewaye su da hutu iri uku. Wanda ke aiki a miƙe yana da aƙalla minti 30 na hutu a tsakiya, kuma ana lissafa su cikin lokacin aiki. Tsakanin tashin yau da farawar gobe dole a samu aƙalla awa 12. A kowane kwana bakwai kuma akwai hutun awa 48 a jere, wanda dokar ta fi son ya faɗo Asabar da Lahadi amma ba ta wajabta hakan ba. Duk wani jadawali, kowane iri ne, da waɗannan ake auna shi.

Mafi sauƙin jadawali shi ne tsayayye: kullum lokaci ɗaya ake zuwa, lokaci ɗaya ake tashi. Ofisoshi da bankunan Adum haka suke. A shagunanmu na Kejetia da Alabar kuwa lokacin buɗewa ne kaɗai tsayayye. Na rufewa yana hannun kasuwa, ko yana hannun Alhaji, sai ya gama hira ya ce a ja ƙofa. Yaron shago ya san ƙarfe 7 zai iso, amma bai san ƙarfe nawa zai koma gida ba, saboda haka ba zai iya shiga makarantar dare ba, ba zai iya yi wa kowa alƙawarin lokaci ba. Gyaran wannan ba ya cin ko sidi ɗaya: a faɗi lokacin tashi, in kuma akwai yara biyu, ɗaya ya buɗe ya tashi da wuri, ɗaya ya zo da hantsi ya rufe.

Akwai kuma aikin da ke rabe gida biyu. Mai sayar da koko da ƙosai ko waakye cinikinta na safe ne, mai shayi safe da dare, gidan abinci rana da bayan magariba. Doka ta san da irin wannan, ta ce in aikin kashi biyu ne, hutun tsakiya kada ya gaza awa ɗaya, kuma ba a lissafa shi cikin lokacin aiki. A nan ne ake cutar mutane ba tare da an lura ba. Yarinyar da ta zo ƙarfe 5 na asuba ta yi aiki zuwa 10, aka ce ta huta ta dawo ƙarfe 5 na yamma zuwa 8, a takarda awa 8 ta yi. Amma in gidansu yana Tafo ko Asokore Mampong, kuɗin trotro, wato motar haya, sau huɗu a rana ya fi ƙarfinta, don haka a wurin za ta zauna, kuma wanda ke zaune a wurin aiki ba a rasa abin da za a aike shi. Yininta awa 15 ne. Daga tashinta ƙarfe 8 na dare zuwa 5 na asuba kuma awa 9 ne, ba 12 ba. A ganina rabon aiki gida biyu bai dace da kowa ba sai wanda gidansa ke kusa, wanda zai iya takawa da ƙafa ya je ya kwanta.

Aikin karɓa-karɓa shi ne ya fi buƙatar tunani, kuma shi ne zai yawaita in shirin awa 24 ya kankama. Tsarin da aka fi sani a masana'antu duti uku ne: 6 na safe zuwa 2 na rana, 2 zuwa 10 na dare, 10 zuwa 6 na safe. A asibitoci da dama na ƙasar nan ma'aikatan jinya suna yin safe da rana gajeru, dare kuma dogo, daga 8 zuwa 8. Sashe na 36 ya halatta karɓa-karɓa da sharaɗi biyu: a samu jadawali tsayayye da aka sani, kuma in an haɗa lissafin mako huɗu ko ƙasa da haka, matsakaicin kada ya wuce awa 8 a rana ko 40 a mako. Wato awa 160 a mako huɗu. Wannan sassauci ne babba ga mai kamfani, domin wani makon na iya yin nauyi in dai wani zai yi sauƙi. Amma sharaɗin farko shi ake yawan tsallakewa. Jadawalin da ke cikin kan manaja shi kaɗai, yana canza shi yadda ya ga dama, ba shi ne wanda doka take nufi ba.

Sai batun inda juyin yake fuskanta, wanda ƙalilan ne suke kula da shi. In mutum zai tashi daga wani duti zuwa wani, ya kamata ya bi rana: daga safe zuwa yamma, daga yamma zuwa dare, daga dare zuwa hutu. Jikin ɗan Adam ya fi sauƙin jinkirta barci a kan gaggauta shi, kuma juyin gaba yana barin tazara mai faɗi tsakanin duti da duti. In aka juya baya, sai ka ga wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare an sa shi dutin 6 na safe. Awa 8 ne a tsakani, a ciki zai nemi mota, ya isa gida, ya ci abinci, ya yi barci, ya tashi sallar asuba, ya sake neman mota. Da ƙyar zai samu barcin awa 4, kuma an karya ƙa'idar awa 12 ƙarara. Irin wannan mutum ne ake ba injin yankan katako a Sokoban ko injin ɗure ruwan leda, in ya ji rauni a ce ganganci ya yi.

Aikin dare kansa yana da farashi a jiki. Akwai agogo a cikin halittar mutum da ke bin haske da duhu, kuma binciken yadda yake aiki ne ya ba wasu masana uku 'yan Amurka kyautar Nobel a 2017. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba hankali yana kaiwa mafi ƙasƙancin kaifinsa, ko mutum ya yi barci da rana. Barcin rana kuma a gidan haya na Zango, ga zafin kwano, ga yara, ga lasifikar biki, ba ya kama ƙafar na dare. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa daji, a 2007, ta kuma sake tabbatar da matsayin a 2019. Wannan ba dalilin hana aikin dare ba ne, domin asibitin Komfo Anokye ba zai rufe da magariba ba, burodin safe kuma da dare ake gasa shi. Dalili ne na taƙaita darare a jere zuwa biyu ko uku, a bi su da cikakken hutu, kuma kada a ajiye aiki mafi haɗari zuwa goshin asuba in akwai yadda za a yi.

Wasu wuraren sun fi son duti biyu na awa 12 da rukuni huɗu, kwana huɗu ana aiki, kwana huɗu ana hutu. Ma'aikata da yawa suna son sa, saboda kuɗin mota ya ragu kuma hutun yana da tsawon da mutum zai iya zuwa Tamale ko Bawku ya dawo. Amma a san cewa 168 in an raba wa rukuni huɗu, kowanne awa 42 ne, don haka akwai awa 2 a kowane mako da suka haura 40, kuma haƙƙin mai aiki ne a biya shi su. A kuma tuna da minti goma ko sha biyar na miƙa aiki, lokacin da mai tashi ke gaya wa mai karɓa abin da ya lalace da abin da ya rage. Aiki ne, a sa shi cikin lissafi. Haka nan wanda aka sallama ƙarfe 10 na dare a Kaase, a tambayi kai da me zai isa Sawaba. In babu motar kamfani, gara a matsar da lokacin canjin duti zuwa sa'ar da trotro ke kan hanya.

Mata suna da kariya ta musamman da ya kamata kowace Hajiya mai ɗaukar 'yan aiki ta sani. Sashe na 55 ya hana a sa mai juna biyu aikin dare tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe sai da yardarta, ya kuma hana a sa ta ƙarin lokaci, ita da mai jaririn da bai kai wata 8 ba, sai in ta amince. Hutun haihuwa aƙalla mako 12 ne, mai shayarwa kuma tana da awa ɗaya a cikin lokacin aiki don ta ba ɗanta nono, ba a cire mata ko kwabo. Yara kuwa, Dokar Yara ta 1998 ta hana sa su aiki tsakanin ƙarfe 8 na dare da 6 na safe. Mai tsara jadawali da ya san ma'aikaciyarsa na da ciki yana da watanni a gabansa na neman wanda zai riƙe gurbinta. In ya bari sai ranar da naƙuda ta kama ta, laifin nasa ne.

Ƙarin lokaci, wato obataim, shi ne ƙofar da ake bi a rusa duk abin da aka tsara. Doka ba ta yanka adadin kuɗinsa ba, amma ta ce wurin da bai ƙayyade farashin ƙarin lokaci ba, ba shi da ikon neman ma'aikaci ya yi shi. Tilastawa ma ba ta halatta ba sai a aikin da yanayinsa ba ya yiwuwa sai da hakan, ko a halin gaggawa da ke barazana ga rai da dukiya. Kowa a Zango ya san yadda shagon tela yake a goman ƙarshe na azumi: keke ba ya tsayawa, yara suna kwana a kan yadi. Dokar ta yi tanadi ga aikin da ke da kaka, inda ta yarda a kai awa 10 a rana in dai matsakaicin shekara bai wuce 8 ba. Goma ta ce, ba ashirin ba. Telan da ya san hannu nawa gare shi ya san ɗinki nawa zai iya karɓa, kuma ranar da ya kamata ya daina karɓa ita ce ainihin jadawalinsa. Wanda ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, yaransa ne za su biya da idanunsu, masu kaya kuma su zo ranar jajibiri su tarar ba a gama ba.

Mafi yawan mutanenmu ma ba su cikin waɗannan tsare-tsare, domin aikin yini suke yi ko jinga. Lebura a wurin gini da ake biya kullum, doka ta ce in ya zo wurin aiki ruwan sama ya hana aikin, kuɗin yininsa na nan, aƙalla mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 aka sa shi sidi 19.97 a rana. A garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 a jere wurin mutum ɗaya, doka tana ɗaukar sa a matsayin na dindindin, shi ya sa wasu ke sallamar mutum a wata na biyar su sake ɗaukar sa bayan 'yan kwanaki, dabarar da ba na ganin ta da wani suna sai cin haƙƙi. Mai jinga kuma, wanda ake biya bisa abin da ya gama, sashe na 44 ya cire shi daga ƙa'idojin awanni da hutu, tare da 'yan aikin gida, ko da yake su an yi musu ƙa'idoji na daban a 2020.

A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Cewa doka ba ta ƙidaya wa mutum awanni ba, ba ya nufin ba shi da jadawali. Direban pragya, wato keke mai ƙafa uku, da aka yanka wa kuɗin da zai kawo kowace yamma, adadin kuɗin nan shi ne jadawalinsa. In ba ya haɗuwa sai an yi awa 14 a kan titi, to mai keken ya sa shi dutin awa 14 ke nan, ko bai furta ba, kuma fasinjan da ya hau da daddare ransa yana hannun wanda ya fito tun asuba. Haka yaron da ke koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai: ba ya tashi sai masta ya tashi, ba shi da ranar da zai ce tasa ce. Koyon sana'a yana buƙatar juriya, ban musa ba, amma ƙarfe da wuta da injin ɗaga mota ba sa yafe wa mai gyangyaɗi.

Akwai wani nau'in da ya fi duka cin rai, shi ne zaman jiran kira. Yaro ya tambaya, "Alhaji, gobe in zo?" A ce masa, "Ka bar wayarka a kunne, zan neme ka." Ba a ba shi aiki ba, ba a kuma sake shi ya nemi wani ba. Ya ƙi karɓar aikin wani don kada a kira shi, rana ta faɗi ba a kira ba, ya kwana babu ko sisi. In kana buƙatar mutum ya zauna cikin shiri, ka yanka ranakun, ka sa musu ɗan abin hasafi ko an kira ko ba a kira ba. Masu aiki daga gida ta intanet su ma suna faɗawa irin wannan, domin saƙon WhatsApp ba ya sanin dare. Su nasu maganin a amince da sa'o'in da dole a same su, sauran lokacin a auna su da aikin da suka kawo. Zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya riga ya koya wa masu walda da masu injin niƙa tsara aiki bisa lokacin da wuta za ta zo, saboda haka sassauta lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Wahalar gaske tana zuwa ne in duk waɗannan sun haɗu a rufi ɗaya. Ɗauki ƙaramin kamfanin ruwan leda: masu inji suna karɓa-karɓa, akawu yana zuwa 8 ya tashi 5, direbobi suna fita da asuba, masu lodi aikin yini suke, ga mai gadi. Kowane rukuni yana ganin ɗayan ya fi shi jin daɗi. Abin da ke kashe wannan gunaguni shi ne takarda ɗaya a manne a bango, mai ɗauke da sunan kowa da ranakunsa, a fitar da ita aƙalla mako biyu kafin lokaci, da littafi ɗaya da kowa ke sa hannu in ya zo da in zai tafi. Dutin dare da na ƙarshen mako su zagaya kamar adashi, kowa ya san ranar zubinsa da ranar kwasarsa. Musanya tsakanin ma'aikata a bar ta a buɗe, da sharaɗin a sanar da mai kula kuma kada ta karya awa 12 na hutu. Kuma ƙa'idar ta hau kan ɗan Alhaji da ƙanen Hajiya kamar yadda ta hau kan bare. A sana'o'inmu na gida, dangi ko dai a sangarta su bare ya ɗauki nauyinsu, ko a yi ta aikin da su babu hutu babu albashi da sunan ai na gida ne. Duka biyun suna ɓata wuri. In saɓani ya ƙi ƙarewa, akwai ofishin ƙwadago, akwai kuma Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da wannan doka ta kafa, kuma littafin sa hannun nan zai amfani ɓangarorin biyu a gabansu.

Na san abin da mai ƙaramin jari zai ce: ina zan samu kuɗin mutum biyar? Tambaya ce ta gaskiya, ga kuɗin wuta, ga haya, ga haraji. Amma amsarta ba ta wuce uku. Ko ka rage sa'o'in da kake buɗewa zuwa abin da hannayenka za su iya, domin sau da yawa cinikin tsakar dare ba ya mayar da kuɗin fitilar da aka kunna. Ko ka haɗa kai da maƙwabta, shagunan layi ɗaya su ɗauki ma'aikatan tsaro tare su raba kuɗin. Ko ka ɗauki mai rabin lokaci ya riƙe maka ƙarshen mako, ga ɗaliban jami'ar KNUST da na jami'ar fasaha ta Kumasi da ke neman irin wannan.

Saura abin da ya fi shafar mu a matsayin Musulmi a garin da mafi yawan mazaunansa Kirista ne. Hutun mako a ƙasar nan an gina shi a kan Asabar da Lahadi, Juma'a ranar aiki ce cur, kuma matasanmu da yawa suna jin nauyin neman izinin zuwa masallaci, wasu har su bar aikin. Ga abin da ya kamata su sani: sashe na 34 ya yarda a gajarta wata rana a tsawaita sauran, in dai ba a wuce awa 9 a rana da 40 a mako ba. Litinin zuwa Alhamis awa 9 sau huɗu, 36 ke nan. Juma'a awa 4, daga 8 zuwa 12, an cika 40 daidai, mutum ya wuce masallaci babu wanda ya ci bashin wani. Doka ba ta tilasta wa mai kamfani ya yi haka ba, amma ta buɗe masa hanya, kuma wanda ya je wurin manaja da wannan lissafi a rubuce ya fi wanda ya je da roƙo kawai samun biyan buƙata. Inda ba za a iya ba, tsawaita hutun tsakar rana na Juma'a ya wadatar, tunda sallar ba ta hana komawa neman halal bayan an idar.

Bambancin addini, in an iya tsara shi, sauƙi ne ga mai jadawali. Kirista yana son safiyar Lahadi da Kirsimeti da Ista. 'Yan cocin Adventist, waɗanda suke da yawa a ƙasar Asante, Asabar suke so. Abokin aiki Ba'asante yana da jana'izar danginsa ranar Asabar, wadda aka sa ranarta tun makonni da suka wuce. Mu kuma muna son tsakar ranar Juma'a da ranakun Sallah biyu, jana'izarmu kuwa ba ta ba da sanarwa, a rasu da safe a binne kafin la'asar, don haka dole a bar sarari a jadawali na wanda zai tashi ba shiri. Wurin da ke da ma'aikata gauraye zai iya buɗewa kowace rana ta shekara ba tare da an hana kowa ibadarsa ba.

Azumi kuma yana da nasa tsarin. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, saboda haka buɗa-baki kullum a tsakiyar dutin yamma yake faɗowa, sahur kuma a ƙarshen dutin dare. A ajiye hutun minti 30 na mai dutin yamma ya dace da magariba, aiki mai nauyi a kai shi safiya, wanda ke zuwa tahajjud a goman ƙarshe kada a ba shi inji ko sitiyari da asuba. Jadawalin watan a fitar da shi tun cikin Sha'aban. A wurin da kowa Musulmi ne kuma ba a iya rufewa ranar Idi, kamar gidan burodi ko kemis, a rubuta sunan waɗanda suka tsaya a ƙaramar Sallah, domin a babbar Sallah wasu ne za su tsaya.